KAFIN KA ZAGI AUDACITY, WA YA GWADA MAKA ITA A HAƊEJA?

Yau ba darasin "danna nan, danna can" kaɗai na kawo ba. Faɗa na zo yi, sai a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, darasin yana ƙasa.

Duk lokacin da aka fitar da sabuwar sigar Audacity, wato manhajar nan ta kyauta da ake naɗar sauti da gyara shi a kwamfuta, masu wannan sana'a a wajenmu sukan kasu gida biyu. Na farko, da sun ga sanarwar afdet sai su danna, ko da aikin mutane yana kan tebur. In abu ya rikice sai zagi: "Ai dama kayan kyauta ba shi da ƙarko." Na biyu sun rantse ba za su matsa daga tsohuwar da wani ya tura musu ta filasha shekaru da dama da suka wuce ba, ko kuma sun koma kan manhajar sata, wadda muke kira kirak. In ka dube su sai ka ce sun saɓa, amma ciwonsu ɗaya ne. Kowa yana jira wani can a Jamus ko Amurka ya gwada masa kayan aikinsa, ya gano inda zai lalace a Haɗeja, ya gyara, ya aiko masa har gida.

To wanda bai taɓa jin ƙarar janaretonka ba, bai san ana ɗauke wuta kana tsakiyar adana aiki ba, ta ina zai gano? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne masu ɗakin, kuma bakinmu a rufe yake.

NI WAYA NAKE RIƘEWA, INA RUWANA?

Na san mafi yawanku da waya kuke karanta wannan, wani ma bai taɓa buɗe Audacity ba. Amma duba wayarka yanzu. Karatun malam da aka yanke aka cire tari da hayaniya, tallar mai shago da ake sakawa a lasifika ranar kasuwa, waƙar bikin ƙanwarka, sanarwar da ake yaɗawa a WhatsApp da damina cewa ruwa ya taso mutanen bakin kogi su yi hattara, da yawa daga cikinsu sai da suka bi ta kwamfutar wani yaro a wani shago kafin su iso kunnenka. In kayan aikin yaron nan ya ci amanarsa, kai ne ba za ka sami sautin ba. In kuma kai ne ka kai masa tsohon kaset ɗin mahaifinka a mayar maka da shi cikin waya, to asarar taka ce kai tsaye.

Sannan ga gargaɗi tun kafin mu yi nisa. Audacity manhajar kwamfuta ce, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Masu ita ba su fitar da ta Android ko ta iPhone ba. Don haka duk abin da ka gani a Play Store ko wani ya turo maka yana ɗauke da sunanta, ba ita ba ce, aron suna ne. Kar ka ba shi izinin shiga makirfon ɗinka da fayilolinka saboda ka san sunan.

WACE CE AUDACITY?

Wani ɗalibi mai suna Dominic Mazzoni da malaminsa Roger Dannenberg ne suka fara ta a 1999 a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, aka sake ta ga jama'a a watan Mayun 2000. Buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ma'ana, asalin rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa zai iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu, ƙarƙashin lasisin da ake kira GPL. Idan ka tura wa abokinka ita ta filasha ba ka yi sata ba, lasisin ne ya ba ka dama. Shekara ashirin da ɗoriya masu sa-kai ne suka riƙe ta, sai a 2021 kamfanin Muse Group, mai manhajar MuseScore, ya karɓi ragamarta. Har yau kyauta ce, har yau a buɗe take.

A nan ne mutanenmu suke kuskuren fahimta. Suna ɗaukar "kyauta" kamar sadakar da aka miƙo maka, ka karɓa ka yi godiya ko ka yi tsaki. A'a malam. Irin wannan manhaja aikin gayya ce. Wani ya rubuta, wani ya gwada, wani ya kawo rahoton matsala, wani ya fassara, wani ya koyar. Kai da kake cin abinci da ita kullum, wane ɓangare ka riƙe?

YADDA AKE HAIHUWAR SABUWAR SIGA

Sabuwar siga ba daga sama take faɗowa ba. Da farko masu rubutu suna ta ƙara abubuwa, ana haɗa sigar wucin gadi da ake kira alfa, wadda ba a yarda kowa ya yi aikin gaske da ita ba. Idan abubuwa suka fara daidaita sai a fitar da beta, a ce wa jama'a: ga ta nan, ku gwada, ku faɗa mana inda ta karye. Wani lokaci akan biyo da wadda ake sa ran ita ce ta ƙarshe, a sa mata harufan RC. In ba a ji kuka ba, sai a sake ta ga duniya.

Ka lura da wannan maganar: in ba a ji kuka ba. Shirunka a wajensu shaida ce cewa komai lafiya. Ba mugunta suka yi maka ba. Ba su da kwamfuta irin taka, ba su da wuta irin taka, ba su da harshe irin naka. Sun buɗe ƙofa na makonni suna jira, ba ka zo ba, suka rufe suka fitar.

Shi ya sa kake ganin lambobi uku a sunan siga, kamar 3.0.2. Lambar farko in ta canja, an yi babban sauyi. Ta tsakiya, an ƙara sababbin abubuwa. Ta ƙarshe yawanci gyaran kurakurai ce da mutane suka kawo rahotonsu bayan fitowa. Duk lokacin da lambar ƙarshen nan ta motsa, wani ne a wani gari ya zauna ya rubuta "na yi kaza, sai kaza ya faru". Gumin wannan mutumin kake ci.

DARASIN SIGA TA 3.0

Bari in ba ka misali na gaske. Kafin Maris ɗin 2021, idan ka adana aiki a Audacity, abu biyu take ajiye maka: ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .aup, da wata folda cike da gutsattsarin sauti masu ɗimbin yawa. Mutane a ko'ina cikin duniya sun yi ta kwafar ɗan fayil ɗin su bar foldar, su je wata kwamfuta su tarar da wayam. A siga ta 3.0 sai aka haɗe komai cikin fayil guda mai ƙarewa da .aup3. Gyara ne mai kyau ƙwarai, ya tsare aikin mutane da yawa.

Amma ya zo da sharuɗɗa biyu da suka fi cizon irinmu. Na ɗaya, aikin da ka adana a sabuwar siga ba ya buɗuwa a tsohuwa. Na biyu, sabon tsarin ba ya yarda ka adana aikin a kan filasha mai tsarin FAT32, saboda a wannan tsari fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4. To yawancin ƙananan filasha da memori da ake sayarwa a kasuwa da FAT32 suke zuwa.

Yanzu yi lissafi. Audacity tana riƙe sauti a cikinta da inganci mai nauyi, kusan megabait 20 a kowane minti idan sitiriyo ne. Karatun awa biyu ya kai wajen gigabait biyu da rabi tun ba ka taɓa shi ba. Ka fara yanka da goge hayaniya, tana ajiye tsohon don ka iya komawa baya, sai ya ƙara kumbura. Ga wanda yake da kwamfutarsa shi kaɗai a ɗaki, wannan ba komai ba ne. Ga yaron da yake fara aiki a kwamfutar shago, ya ƙarasa a ta abokinsa da dare saboda can ne ake da sola, da filasha a aljihu, wannan shi ne bambancin cika alkawari da jin kunya a gaban mai aiki.

Wannan ba sirri ba ne, an rubuta shi a bayanan fitowar sigar. Wa ya karanta a cikinmu? Wa ya fassara wa 'yan'uwansa? Danna afdet muka yi, sannan muka ɗora wa manhaja laifi.

ABIN DA BA WANDA ZAI GWADA SAI KAI

Akwai abubuwan da ko da masu Audacity sun kwana suna gwaji ba za su taɓa cin karo da su ba, don ba rayuwarsu ba ce:

Ɗaukewar wuta a kan kwamfutar tebur da ba ta da batir, ko laftof ɗin gwanjo da batirinsa ya mutu tuntuni. Manhajar tana da tsarin dawo da aiki bayan ta mutu ba shiri. Yana aiki a kan tsohon faifai mai jan ƙafa? Kai za ka sani.

Tsofaffin injina. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, amma leƙa shagunan kwamfuta a garuruwanmu ka ga abin da ke kai.

Haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Sa wa fayil suna "Wa'azin ƙarshen wata", ka cike sunan mai magana, ka fitar da MP3, ka saka a ƙaramar rediyo mai cin memori ko a rediyon mota. Sunan ya fito daidai ko alamar tambaya ta cika fuskar? Bature ba shi da ƙ a allon rubutunsa, ba zai gwada ba har abada.

Hayaniyarmu. Ƙarar janareto, fanka, babur, amsa-kuwwar lasifika a fili. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. In mai goge hayaniya ya cinye ƙarshen kalma, kunnen Bahaushe ne zai ji an taɓa ma'ana.

Fayilolin waya. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus yake zuwa, wayoyi da yawa kuma M4A suke naɗa, wanda sai an haɗa Audacity da wani ƙarin kayan aiki mai suna FFmpeg kafin ta buɗe shi. Rabin aikin da ake kawowa shago daga waya yake fitowa.

MUTANEN ƘASAN RUWA

Mutumin Haɗeja ba sai an koya masa ma'anar zama a ƙasan ruwa ba. An gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992, dukkansu a jihar Kano, amma mu ne muka ga yadda tafiyar kogin ta canja. Ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya janye da rani, sai ya koma yana gudana kusan duk shekara. Ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, ta mamaye gonaki da wuraren su, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Tambayi manomi ko masunci a Guri ko Kiri Kasamma ko gefen Marma har zuwa Nguru, zai ba ka labari.

Me mutanen nan suke yi? Suna kai kuka sama, gaskiya ne, amma ba sa naɗe hannu. Gari da gari suna fitowa gayya da lauje da adda da kwalekwale, su shiga ruwa su buɗe hanya. Haka a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, matasa suka fito suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Ba wanda ya tsaya a gaɓa yana cewa "ai ni ba injiniya ba ne".

Abin mamaki, masu rubuta manhaja ma da wannan kalma suke magana. Asalin masu gina manhaja suna kiransu na saman ruwa, masu karɓa su yi amfani kuma na ƙasan ruwa. Bambancin shi ne, madatsar Tiga ba ka da mabuɗinta. Wannan kuwa ƙofarta a buɗe take, saƙonka yana isa hannun mai gyara a rana ɗaya, daga wayar da ke hannunka. Wanda ya iya shiga ruwa har ƙirji ya yanke kacala, rubuta layi biyar ne zai gagare shi?

UZURORIN DA NAKE JI

"Ban iya kodin ba." Ba wanda ya ce ka rubuta kod. Mai gwaji aikinsa ya yi amfani da abu, ya lura, ya faɗa. Mara lafiya ba likita ba ne, amma in bai ce ga inda ke ciwo ba, likita duba zai yi?

"Turancina bai kai ba." Rahoton matsala ba insha'i ba ne. Jimla huɗu ce da hoto. Mutane daga Brazil da Turkiyya da Indonesiya suna rubutawa da Turancin da bai fi naka ba, ana fahimtarsu. Rubuta da Hausa, ka sa manhajar fassara ta juya, ka nemi wani ya duba maka.

"Data tsada." Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma ba kowa ne zai sauke ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya raba wa goma ta filasha, lasisi ya halatta. Girman manhajar bai kai fim ɗaya daga cikin waɗanda ake saukewa kullum ba.

"Ba za su saurare mu ba." Saurari wannan. A Mayun 2021, jim kaɗan bayan Muse Group ya karɓi Audacity, aka kawo shawarar saka tsarin tattara bayanan yadda ake amfani da manhajar ta hanyar kayan Google da Yandex. Masu amfani suka yi ca, aka janye shawarar. A watan Yuli aka fito da sabuwar takardar tsare sirri mai maganar miƙa bayanai ga hukuma da hana 'yan ƙasa da shekara 13 amfani da ita. Aka sake yin ca, kamfanin ya ba da haƙuri ya sake rubuta ta. Wasu ma ba su tsaya nan ba, suka kwafi rubutun manhajar suka buɗe tasu, irin su Tenacity. Ban ce kamfani waliyyi ba ne, kamfani riba yake nema. Abin da nake nuna maka shi ne a wannan fage murya tana aiki. Waɗanda suka yi magana an ji su. Mu ba a ƙi jin mu ba, ba mu yi maganar ba ne.

"Ni kirak ɗina ya ishe ni." To kai ne na fi tausaya wa. Har yau akwai masu riƙe da Cool Edit, manhajar da Adobe ya saye tun 2003 ya mayar da ita Audition. Wasu kuma Audition ɗin ce ta sata. Ka tuna abin da aka ce ka yi kafin ka saka ta? Ka kashe antibairos. Wato ka buɗe ƙofar gida da dare don wani baƙo da ba ka san fuskarsa ba ya shigo da kaya a buhu. A kan wannan kwamfutar kake buɗe WhatsApp, kake shiga imel, wani har banki. In ta cinye maka aiki, wa za ka kai wa ƙara? Ɓarawo ba ya kai ƙarar kayan sata. Kuma ba mai aiko maka da gyara har abada.

YADDA ZA KA GWADA BA TARE DA KA YI ASARA BA

Ga darasin. Mai kwamfuta ya bi shi, mai waya ya tura wa mai yi masa aiki.

1. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kar ka yi afdet kana da aikin mutane a hannu. Ana gobe azumi, ko ana saura kwana biyu biki, ba lokacin gwaji ba ne.

2. Sauke daga gidan asali kaɗai, wato audacityteam.org. An sha kama shafukan bogi da ke sayen talla a saman sakamakon bincike suna raba manhaja mai cuta da sunan sanannun manhajoji. Rubuta adireshin da hannunka.

3. Kafin komai, fitar da muhimman ayyukanka a tsarin WAV, ka ajiye kwafi a wani wuri daban. WAV kowace manhaja tana buɗe shi, tsohuwa da sabuwa.

4. Kar ka goge tsohuwar sigarka. A Windows akwai wadda ake saukewa a matse cikin zip, ba ta buƙatar instolin. Warware ta a folda daban, ka ƙirƙiri wata folda a cikinta mai suna Portable Settings, sai ta riƙa ajiye saitinta a can ba tare da ta taɓa na tsohuwar ba.

5. Yi gwaji da kwafi, ba da asalin aiki ba. Naɗi magana ta awa guda ba tsayawa. Shigo da fayil daga waya. Sa suna mai ƙ da ɗ. Zaɓi wurin da janareto kaɗai ke ƙara, ka ɗauki samfurinsa a Noise Reduction, ka goge, ka saurara da kyau ko muryar ta koma kamar daga cikin tulu.

6. Gwada mutuwar ba-zata. Kana cikin aiki a kan kwafin, ka kashe manhajar da ƙarfi ta Task Manager, ka sake buɗewa. Ta dawo maka da aikin? Gara ka sani yau da ka sani ranar da wuta ta yi maka.

7. Fitar da MP3 ka tura waya. Ga magana zalla, mono a kan 64 ya wadatar, awa ɗaya bai kai megabait 30 ba, rabin abin da 128 zai ci. Ka tausaya wa datar mai saukewa. A nan ne aikin mai waya yake: saurara da iyafis, saurara a lasifikar waya, saka a rediyon memori, ka faɗi abin da ka ji.

8. In ka ga matsala, maimaita ta sau biyu ko uku ka tabbata ba tsautsayi ba ne. Sannan ka shiga ma'ajiyar Audacity a GitHub, ɓangaren Issues. Fara bincikawa ko wani ya riga ka. In ya riga ka, ƙara naka bayanin a ƙarƙashin nasa. In babu, buɗe sabo.

9. Rahoto mai amfani abu biyar ne: lambar sigar, za ka gan ta a Help sannan About Audacity, irin Windows ɗinka da ƙarfin injin, matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ka zata zai faru, abin da ya faru. Haɗa da hoton fuskar kwamfuta, ko da wayarka ka ɗauka. "Ba ta aiki" ba rahoto ba ne, tsaki ne.

10. Kar ka ɗora muryar wani ba da izininsa ba. Wurin a fili yake, duniya na gani. Naɗi taka ta daƙiƙa goma da ke nuna matsalar.

Wannan tarbiyya ba ta Audacity kaɗai ba ce. A Play Store manhajoji da yawa suna da wurin shiga sigar beta. VLC da kake kallon bidiyo da ita ma buɗaɗɗiya ce, masu sa-kai ne suke riƙe da ita, kuma ƙa'idar rahoto ɗaya ce.

INA HAUSA A JERIN?

Buɗe saitin harshe a Audacity ka duba jerin. Akwai Larabci, akwai Farisanci, akwai harshen Welsh na wani yanki a Birtaniya, har da na Kosika, tsibirin Faransa da mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. Nemi Hausa. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Haɗeja har Agadas da Kumasi, harshen da ya cika gidajen rediyon duniya, ba ya ciki. Ba hana mu aka yi ba. Fassarar masu sa-kai ne suke yin ta, jimla bayan jimla, kuma na Kosika sun zauna sun yi. 'Yan'uwanmu da ke rubuta Wikipedia ta Hausa da masu ba da muryarsu a Common Voice na Mozilla sun riga sun nuna cewa ana iyawa.

Muna da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Ɗalibi mai neman abin da zai yi aikin kammala karatu a kansa, ga shi a ƙasa: gwada siga ɗaya a kan tsofaffin injina goma, ka rubuta sakamako, ka aika. Ko ku haɗu ku biyar ku fassara menu. Sunanka zai zauna a wurin da duk mai ɗaukar aiki a duniya zai iya gani. Garin da ya haifi Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, bai kamata a ce a fagen fasaha saukewa kaɗai ya iya ba.

ABIN DA KE KAN LAYI

Wani zai ce duk wannan surutu a kan manhajar yanka sauti? Eh. Domin abin da ke bi ta cikinta ba wasa ba ne. Akwai kasusuwan karatun malaman da suka rasu, suna can cikin kwali zafi da damshi na cin su. Akwai dattawan da suka ji labarin yaƙin Haɗeja da Turawa na 1906 daga bakin kakanninsu, kuma kullum raguwa suke. Akwai masuntan da suka san sunan kowace magudana kafin kacala ta shafe ta. Irin wannan naɗi sau ɗaya ake samunsa. In fayil ya lalace, ba ka da inda za ka koma ka ce baba a maimaita.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da yawa. Masu shagunan sauti da masu aikin rediyo da masu naɗar karatu a Haɗeja, Auyo, Malam Madori, Kaugama, Birniwa da sauran garuruwan masarautar nan, ku haɗa zaure ɗaya a WhatsApp. Duk lokacin da aka fitar da beta, mutum ɗaya ya sauke ya raba. Kowa ya ba ta awa guda a ranar da ba shi da aiki. Wanda ya fi iya rubutu ya tattara ya aika. Wanda ya fara cin karo da matsala ya gaya wa saura kafin su faɗa ramin.

Kai kuma mai waya, tura wannan rubutu ga wanda yake gyara maka sauti. In ka je shagonsa, tambaye shi wace siga yake amfani da ita, daga ina ya sauke ta, kuma ina ya ajiye kwafin aikinka na biyu. In ya kasa amsa ta ukun, kar ka bar masa kaset ɗin.